Gwiwar Hannuna Ta Yi Ritaya

Shekara goma sha tara ina gadin numfashin Bawa.
Ba wanda ya ɗauke ni aikin,
ba albashi, ba hutun Juma'a.

Minsharinsa bai taɓa damuna ba.
Ni 'yar Ƙauran Namoda ce, bayan tasha aka yanke cibiyata,
jirgin ƙasa ne ya rene kunnena tun ina goye.
Abin da ke tashe ni
shi ne in jirgin ya tsaya
inda babu tasha.

Shiru.
Ƙirji na ja, iska ba ta shiga.
Sai in hau ƙirga a cikin duhu.
Na taɓa kaiwa arba'in da ɗaya
kafin in kai masa gwiwar hannu a haƙarƙari,
ya shaƙo duniya kamar wanda aka tsamo daga rijiya,
ya ce, "Ige, lafiya?"
In ce, "Lafiya lau. Juya."

Da rana ga shi a bakin sikeli,
yana auna gyaɗa yana gyangyaɗi,
yaran kasuwa na cewa Alhaji ya ci tuwo da yawa.

Beli dai wanzami ya riga kowa,
tun Bawa bai san sunansa ba.
Da muka je Shika, suka rage ganɗa,
suka share abin da ya saura a maƙogwaro.
Mako uku yana kurɓar kunu yana hawaye,
in ya yi gaggawa ruwa ya ɓullo ta hanci.
Wata shida na yi barci kamar 'yar gata.
Sannan wani dare, ana gab da girbi,
shirun ya dawo, ko sallama babu.

Aka kawo injin hura iska da takunkuminsa.
To, mu da wuta sai gaisuwar nesa:
ta ɗauke, shi ma ya ɗauke,
kamar sun haɗa baki.

Fadamarmu ta tafi, Nafi'u ya cika sauran.
A Alƙahira suka sa shi barci, suka leƙa da madubi,
likita ya ce, tafinta ya juya mana:
an faɗaɗa zaure, gaskiya ne,
amma harshe ne ke kishingiɗa a bakin ƙofa.

Suka binne wani abu kamar kwalin ashana
ƙarƙashin fatar ƙirjinsa, ta dama,
da siririyar waya da ta hau wuya
ta je ta kama jijiyar harshe.
Duk sanda ya ja numfashi sai ta taɓa ta:
kai, matsa, ba mutane hanya.

Aikina ke nan fa.
Shi ne aka ɗinke a cikin naman mijina.

Yanzu bayan shafa'i da wutiri
yana ɗora rimot a ƙirji, ta yi ɗan kuka, ya kwanta.
Makonnin farko harshen ya yi tsami,
ana ƙara ƙarfin kaɗan-kaɗan kamar gishiri a miya.
Na taɓa haska shi da tocila:
harshen na leƙowa yana komawa
kamar kunkuru mai duba ko yara sun watse.
Na toshe bakina da gefen zane, dariya da kuka tare.

Bawa na tashi kafin ladan,
ya daina kuskuren lissafin buhu.
Ni ce har yanzu ido biyu.
Ƙarfe biyu na dare gwiwar nan takan ɗaga da kanta,
ta tsaya a sama, ba abin yi,
kamar tsohon ɗan dako da ya zo tasha ranar da ba jirgi.

Sun ce batirin zai kai shekara goma, ko ya ɗara.
Na rubuta shekarar da gawayi a bayan ƙyaure.
Fadama ta biyu dai ba mu da ita.
Shi ya sa nake shafa wa gwiwar man kaɗanya,
in kwanta ta gefen hagunsa, inda na saba.